Kafin a Ce Tsufa Ne, a Zazzage Ledar Magani

Mahaifina ya haddace Alƙur'ani tun kafin ya yi aure, kuma tun da na yi wayo ban san ranar da ya tsallake tilawarsa ba: izu biyu bayan asuba, izu uku da hantsi a soron gidanmu na Gwammaja. Shekara biyu da suka wuce, yana da 74, ya fara sarƙewa. Zai ɗauko aya a Baƙara, sai ya faɗa mai kama da ita a A'arafi, ya tsaya yana murza goshi. Ran nan ya aiki jikansa sayo goro sau biyu cikin rabin awa. Wata rana kuma ya daka wa Hajiya tsawa a gaban baƙi, mutumin da ko mu 'ya'yansa bai saba ɗaga wa murya ba.

Kowa ya kawo tasa. Yayyena suka ce tsufa ne, sai haƙuri. Wata gwaggonmu ta ce a tashi tsaye da neman tsari, wannan ba banza ba. Ni ma tsufan na fi karkata gare shi. Ƙanwata da take wuni a gida ita ta faɗi maganar da ta juya al'amarin. Ta ce, "Yaya, ka lura karatun asuba ko wasali ba ya ɓata? Na hantsin ne kawai."

Gaskiyarta. Ruɗewar tsufa ba ta jiran ƙarfe goma sha ɗaya ta zo, ta tafi bayan an ci abincin rana. Abin da yake zuwa da lokaci ya tafi da lokaci, akwai abin da yake kawo shi. Baba kuwa shekara 11 ke nan yana shan maganin ciwon suga.

Ni ba likita ba ne, atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari. Abin da zan rubuta shi ne abin da na koya a zaman layin asibiti, da tambayar likitoci, da karatun da larura ta sa ni. Sunayen magunguna zan rubuta su yadda suke a jikin kwali don a iya gane su. Kuma tun yanzu in faɗi sharaɗin da komai ya rataya a kansa: kada a tsayar da magani ko a rage shi don an karanta wannan rubutu. Aikin mutanen gida shi ne tara shaida su kai wa likita.

Littafi da mita

Fara da littafin makaranta mai falle 40 da biro. Duk sanda mai ciwon ya ruɗe, ko ya maimaita magana, ko ya yi faɗan da ba halinsa ba, a rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa ne, me ya ci na ƙarshe kuma yaushe, wane magani ya sha kuma yaushe, da abin da mitar gwada suga ta nuna a daidai lokacin. Na ƙarshen nan shi ne mafi tsada. Yawancinmu da sassafe kawai muke gwada suga, kafin karin kumallo. Mu ma haka muke yi, lambar Baba kullum tana wajen 100, muna ta hamdala. Ba mu taɓa gwadawa da hantsi ba. Ranar da ƙanwata ta gwada, ƙarfe 11:30, yana tsakiyar sarƙewa, mita ta nuna 52.

A san irin mitar da ke gidan. Wasu suna nuna manyan lambobi kamar 110, wasu ƙanana kamar 6.1. Duk abu ɗaya suke aunawa, idan ka ninka ƙaramar sau 18 za ta ba ka babbar. Ƙasa da 70 a babbar, wato 3.9 a ƙaramar, suga ya sauka. Ƙasa da 54, wato 3.0, ya sauka sosai, ƙwaƙwalwa tana cikin yunwa.

Dalilin da ya sa ƙwaƙwalwa ce take fara nunawa ba ɓoyayye ba ne. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na makamashin da jiki yake ƙonawa, kuma sugan cikin jini ne abincinta. Ba ta da rumbu kamar hanta, abin da jini ya kawo yanzu shi take ci yanzu. Matashi idan sugansa ya sauka yakan ji karkarwa, zufa, faɗuwar gaba da yunwa, ya gane ya nemi abin sa wa a baki. Dattijon da ya daɗe da ciwon sau da yawa waɗannan alamu sun dushe, kai tsaye sai ruɗewa, faɗa, magana ba kan gado, ko gyangyaɗi. Idan kuma yana shan propranolol ko atenolol don zuciya ko hawan jini, suna ƙara rufe karkarwar da bugun zuciyar.

Maganin da yake sauke suga fiye da kima

Ba duk maganin suga ne yake yin haka ba, kuma wannan bambancin ya kamata kowane gida ya san shi. Metformin, wanda da yawa suka sani da sunan Glucophage, idan shi kaɗai ne da wuya ya sauke suga har ya kai ga haɗari. Waɗanda ake sa wa ido su ne allurar insulin da wani dangi na ƙwayoyi: glibenclamide, wato Daonil, da glimepiride, wato Amaryl, da gliclazide, wato Diamicron. Su ukun nan matsa wa jiki suke yi ya fitar da insulin, sinadarin da yake sauke suga a jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Akwai kuma ƙwayar da ake haɗa metformin da ɗaya daga cikinsu a guda ɗaya, don haka a karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan babban suna.

Baba glibenclamide yake sha ƙarfe bakwai na safe. A dangin nan shi ya fi daɗewa a jiki, kuma idan ƙoda ta fara rauni, kamar yadda take yi da shekaru, sai ya ƙara daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jerin muhimman magungunanta, gliclazide ta sa, ta kuma rubuta cewa glibenclamide bai dace da wanda ya haura 60 ba. Lokacin da aka fara ba Baba shi, ƙarfinsa da cinsa ba irin na yanzu ba ne. Mu kuma da muka ga lambar safe tana kyau, sai muka daina komawa asibiti, muna kai tsohon kwali kemis ana ba mu irinsa. Shekara huɗu muna haka. Wannan kuskuren ya zama ruwan dare a garin nan: maganin da aka tsara wa mutum yana da 63, shi ake ci gaba da saya yana da 74.

Da muka je, likitan ya buɗe littafin ƙanwata ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, me ake karyawa da shi?"

Baba ya ce, "Koko, rabin kofi, ba suga. Ai an ce mai wannan ciwo ba ya cin komai."

Nan ne rabin matsalar. Tsoron abinci ya sa ya rage ci, haƙora ma sun ragu, magani kuwa yana nan yadda yake. Aka yi masa gwajin HbA1c, wanda yake nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, ya fito 6.1. Ni har na yi murmushi, na ɗauka yabo za a yi mana. Likitan ya ce ga mai shekarun Baba da sauran larurorinsa wannan ya yi ƙasa, abin da ake nema ga irinsu shi ne tsakanin 7 da 8. Ya cire glibenclamide, ya sa gliclazide kaɗan, ya ce a ƙara ƙosai ko ƙwai a kan kokon. Cikin mako biyu karatun hantsi ya fara daidaita.

Kada a raina saukar suga don an ga mutum ya farfaɗo da an ba shi lemo. Wani bincike da aka buga a 2009 a Amurka ya bi dattawa masu ciwon suga fiye da 16,000 a Kalifoniya, ya gano cewa waɗanda sugansu ya taɓa faɗuwa har aka kai su asibiti sun fi kamuwa da cutar mantuwa daga baya, kuma haɗarin yana ƙaruwa da yawan faɗuwar. Abin kuma yana zagayowa: wanda ya fara mantuwa shi ne zai sha magani sau biyu, ko ya yi allura ya manta bai ci abinci ba. Saboda haka a gidanmu mutum ɗaya ne yake ba da magani, ya ja layi a littafi. Idan ƙanwata za ta fita unguwa, baki da baki take miƙa wa Hajiya aikin.

Idan mita ta nuna ƙasa da 70 kuma mutum yana iya haɗiya, a ba shi abin da zai shiga jini da sauri: babban cokali ɗaya na suga a ruwa, ko babban cokali na zuma, ko rabin kwalbar lemo mai suga. A jira minti 15 a sake gwadawa. Idan bai hau ba a maimaita. Da ya hau a ba shi abinci mai riƙe ciki. Idan ba mita a kusa kuma ana zargin saukar suga ne, a ba shi sugan, illar cokali ɗaya ba ta kai ta jinkiri ba. Wanda ya suma ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe a nemi mota. Mai shan glibenclamide ko ya farfaɗo a gida gara a kai shi asibiti, don sugan yana iya sake faɗuwa bayan awanni.

A kiyaye da lokutan da ake ƙara wani magani a kai. Kwinin na zazzaɓin cizon sauro yana sauke suga, zazzaɓin ma kansa yana yi idan ya yi tsanani. Septrin da ciprofloxacin suna iya ƙara wa dangin glibenclamide ƙarfi. Duk wanda zai rubuta wa mai suga magani, ko na kwana uku ne, a gaya masa abin da yake sha. Haka jiƙe-jiƙen gida, irin su shuwaka, hulba, kirfa da garin da ake sayowa a ƙulle: wasunsu suna ƙara sauke suga a kan abin da ƙwaya ta riga ta yi. Ba na ce a zubar ba, na ce a sa su a ledar da za a kai wa likita, kada a ɓoye don kunya.

Mantuwar da ba ta bin agogo

Bayan wata biyu sarƙewar hantsi ta tafi, amma wani abu ya saura. Baba ya yi sanyi. Amsa tana daɗewa kafin ta fito, yana neman sunan mutumin da suka yi shekara 30 suna sahu ɗaya, tafiyarsa zuwa masallaci ta koma kamar mai taka katifa. Tafin ƙafarsa kuwa ya daɗe yana cewa kamar kiyashi suna yawo a ciki, mun ɗauka ciwon sugan ne kawai.

A nan metformin ya shigo. Magani ne mai kyau, mai araha, shi ake fara ba yawancin masu ciwon, kuma har gobe Baba yana shan sa. Amma idan an daɗe ana sha, yana rage yadda hanji yake tsotse bitamin B12 daga abinci. Hanta tana da ajiyar bitamin ɗin da zai kai mutum shekaru, shi ya sa ba a gani a shekarar farko ko ta biyu, sai ajiyar ta ƙare a hankali. B12 kuwa da shi jiki yake gyara rigar da ta lulluɓe jijiyoyi, da shi kuma yake haɗa jini. Idan ya yi ƙaranci sai a ga mantuwa, sanyin tunani, ɓacin rai, sagewar ƙafa, tangaɗi, wani lokacin da ƙarancin jini. Baba kuma yana shan omeprazole don olsa kusan kullum, shi ma yana rage ruwan cikin da yake ɓanɓare B12 daga nama. Biyu suka haɗu a kansa, ga shi ya rage cin nama saboda haƙori.

Wanda ya yi shekara huɗu ko fiye yana shan metformin, musamman idan ƙafa ta fara damunsa ko an ce jininsa ya yi ƙasa, ya tambayi likita gwajin B12. Ba ko'ina ake yin sa ba kuma yana da ɗan tsada, mu sai da aka tura mu wani ɗakin gwaji na kuɗi. Na Baba ya fito ƙasa. Aka sa shi a allurai, da farko a kusa a kusa, daga baya aka tsawaita tazara. Wasu ƙwaya ake ba su, likita ne zai zaɓa. Sauƙin ba irin na saukar suga ba ne da ake gani a mako biyu, wannan sai da muka yi watanni. Kuma jijiyar da ta daɗe a lalace ba lallai ta dawo duka ba, shi ya sa jinkiri ba shi da kyau.

Abu biyu a kiyaye. Na farko, kada a wadatu da sayen maganin ƙarin jini a kemis. Da yawansu folic acid ne da sinadarin ƙarfe, folic acid kuwa yana iya gyara jinin a takardar gwaji alhali jijiya tana ci gaba da lalacewa. Na biyu, B12 daga dabba yake zuwa: hanta, nama, kifi, ƙwai, nono, madara. Zogale da alayyahu suna da nasu amfanin, amma ba za su toshe wannan gurbin ba. Dattijon da ba ya iya tauna nama a daka masa, ko a dafa hanta ta yi laushi, ko a riƙa ba shi kindirmo ba suga.

Maganin ƙafa, da ƙwayar mura

A ƙasan ledar Baba mun tarar da wata 'yar ƙaramar ƙwaya da yake sha da dare don zugin ƙafa, amitriptyline. Tana aiki, tana sa barci, amma tana toshe wani sinadari da ƙwaƙwalwa take amfani da shi wajen riƙe abu. A jikin dattijo takan kawo bushewar baki, taurin bayan gida, wahalar fitsari da tashi da nauyin kai. Piriton da ake sha don mura ko ƙaiƙayi shi ma wannan sinadarin yake taɓawa, idan aka haɗa su nauyin ya ninku. Pregabalin, wato Lyrica, da gabapentin, waɗanda su ma don ƙafa ake bayarwa, suna sa jiri da gyangyaɗi, kuma ta ƙoda suke fita, don haka mai raunin ƙoda kaɗan ake ba shi. Amitriptyline, pregabalin da gabapentin ba a yanke su rana ɗaya, a hankali ake janyewa. Na Baba sai da aka yi makonni ana ragewa.

Maganin kitsen jini

Wannan na sa shi ne saboda wata gwaggona a Fagge da ta daina shan atorvastatin bayan ta ji wani saƙon murya a WhatsApp yana cewa yana cinye ƙwaƙwalwa. Maganar tana da tushe, amma an kumbura ta. A 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a ƙara a takardar wannan dangin magani, wato atorvastatin, simvastatin, rosuvastatin da 'yan uwansu, cewa wasu masu sha sun ba da rahoton mantuwa da ruɗewa. Hukumar ta ce abin ba ya da yawa, ba ya tsanani, kuma yana wucewa bayan an daina, galibi cikin kamar mako uku. A ɗaya ɓangaren, wani babban gwaji a Birtaniya da ya bi mutum fiye da 20,000 har shekara biyar bai ga bambancin tunani tsakanin masu shan simvastatin da waɗanda ba sa sha ba. A 2024 kuma kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da idan an magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa, a ciki akwai ciwon suga, hawan jini da yawan mugun kolestarol.

A ganina, mai ciwon suga da ya ajiye wannan magani saboda saƙon waya ya guje wa ƙaramin abu ya tunkari babba, domin shanyewar ɓarin jiki ta fi kowace ƙwaya cin ƙwaƙwalwa. Idan mantuwar ta fara ne makonni kaɗan bayan fara shan sa, a rubuta ranakun a kai wa likita. Yana iya dakatarwa na ɗan lokaci ya gani, ko ya canza wani a dangin.

Sabuwar allurar nan Ozempic da ake ta magana a kanta, wasu suna cewa har mantuwa tana warkarwa. A ƙarshen 2025 kamfanin da yake yin ta, Novo Nordisk, ya sanar cewa gwajin da ya yi da sinadarinta ga masu cutar mantuwa ta Alzaima bai rage saurin ciwon ba. Maganin suga ce da ƙiba, kada a kashe kuɗi a kanta don mantuwa.

Hawan jini da maƙoƙo

Yawancin masu suga suna da hawan jini, kuma barin sa ba magani yana lalata ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa a hankali. Amma a san biyu. Moduretic da sauran masu sa fitsari suna iya zubar da gishirin jini, wato sodiyam, dattijo ya ruɗe, ya yi kasala, ya riƙa faɗuwa. An fi ganin haka a makonnin farko na fara sha, ko lokacin gudawa da amai, ko a zafin Afrilu da Kano take haura digiri 40. Gwajin jini mai sauƙi yana nunawa. Aldomet kuma tsohon magani ne da yake sa barci da nauyin kai, akwai waɗanda suka fi shi dacewa da dattijo.

Wadda aka yi wa aikin maƙoƙo aka ɗora ta a levothyroxine, idan maganin bai isa ba za a ga mantuwa, jin sanyi, ƙiba da yawan barci. Idan ya yi yawa, bugun zuciya, rashin barci da rashin natsuwa. Sau da yawa ba adadin ne matsalar ba, yadda ake sha ne. Da ruwa zalla ake shan sa, ciki ba komai, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin shayi ko koko, a kuma raba shi da maganin ƙarin jini ko na ƙashi da awa huɗu. Gwajin TSH shi yake nuna ko an dace.

Azumi

Nan ne muka fi shan fama, domin Baba bai taɓa shan azumi ba tun balagarsa. A je wa likita tun a Rajab, wato mako shida zuwa takwas kafin wata ya kama, don ya sake tsara lokutan magani, ya kuma faɗa ko azumin zai yiwu. Kada a ɗauki adadin safe a mayar da shi sahur da ka. Huda yatsa a gwada suga ba ya karya azumi, kuma tsakanin la'asar da magariba ne aka fi bukatar gwajin. Ƙa'idar da likitoci suke bi ita ce a sha ruwa nan take idan suga ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko mutum ya fara ruɗewa, ko da saura minti goma a kira salla. Ranar da hakan ta same mu, mita ta nuna 64 da ƙarfe biyar da rabi. Na durƙusa na ce, "Baba, a taimaka a sha." Ya yi shiru, sannan da kansa ya karanto ayar rangwame ga marar lafiya, ya miƙo hannu ya karɓi kofin.

Abin da ba a jira da shi

Idan ruɗewa ta zo farat ɗaya tare da karkacewar baki, sanyin hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya, ko harshe ya karye, a gwada suga idan mita tana kusa, amma kada a tsaya shafe-shafe, a nufi sashen gaggawa na Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala ko wanda ya fi kusa. Haka idan suga ya hau sosai ga ƙishirwa, yawan fitsari da magagi. Dattijon da ya ruɗe cikin kwana ɗaya ko biyu ba tare da an canza masa magani ba, a duba zazzaɓi da ciwon fitsari, sukan zo musu a haka ko jiki bai yi zafi ba.

Ranar asibiti

A zuba komai a leda ɗaya: na asibiti, na kemis, na gargajiya, har fallen da ya ƙare. A ɗauki littafin. A tafi da wanda yake wuni da mai ciwon, ba wanda ya fi kowa baki a gidan ba. Ni nake biyan kuɗin mota, amma ƙanwata ce take amsa tambayoyi. Layi yana da tsawo, likita kuma minti kaɗan gare shi, don haka a rubuta tambayoyin tun a gida: a cikin waɗannan wanne ne zai iya sauke suga, wanne ne zai iya sa mantuwa ko barci, akwai wanda za a iya cirewa, yaushe rabon a duba ƙoda, B12 da gishirin jini. Idan maganin da aka canza ya fi ƙarfin aljihu, a faɗa a take a nemi madadinsa, kada a fita a koma wa tsohon a ɓoye. Wajen saye kuma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a tsaya wa kantin magani ɗaya da aka sani.

Zai yiwu a gyara duk waɗannan mantuwar ta ci gaba da ƙaruwa, mutum ya fara ɓata a hanyar da ya sani ko ya kasa lissafin kuɗi. Ciwon suga kansa yana ƙara haɗarin cutar mantuwa. A nan sai a nemi likita ya tura ga masu duba ƙwaƙwalwa, kuma zuwa wurinsu ba yana nufin hauka ba.

Baba yanzu yana da 76. Izu ukun hantsi sun dawo, ranar Juma'a nakan zauna in riƙe masa Alƙur'ani, sai mu yi izu guda ban ɗaga kai ba. Sunayen ƙananan jikoki har yanzu sukan kuɓuce masa, tafin ƙafar hagu kuma bai dawo daidai ba. Duk wata uku muke komawa asibiti, da ledar da littafin, wanda yanzu shi ne na biyar. A aljihun rigarsa na gaba akwai ƙwayar suga huɗu a ƙulle, da wata 'yar takarda da na rubuta da boko, shi kuma ya kwafa da ajami a bayanta: yana da ciwon suga, ga magungunan da yake sha, idan an gan shi a ruɗe a ba shi abin da ke cikin ƙullin, a kira wannan lamba.